Bugu Biyu

Makulli ne kaɗai ya dawo gida.
Wata bakwai yana rataye a ƙusa,
ni ina kan tabarma, ƙarfe a cinya,
ina koyon tsayuwa kamar ɗan yaye.

Kada ku tambaye ni yadda aka yi.
Jandarma sun rubuta nasu,
mai tirela ya rantse da nasa.
Abin da na riƙe kaɗan ne:
kwanar nan ta gaban Jiratawa,
amalanke babu fitila,
da tumatir kwando tara
warwatse a gudron har bakin gona,
ina rarrafe a ciki, ina kiran Nomau,
ban san wane ja ne na lambu ba,
wane ne namu.

Tayoyi na kallon sama,
rediyo bai fasa karanta gaisuwa ba.

Nomau yaron motata ne.
Shi ke ɗaurin kaya, shi ke faɗa kan canji.
In komai ya kammala
sai ya bugi jikin mota sau biyu da tafin hannu:
mu je.
Shekara huɗu ban taɓa tashi ba
sai da wannan izini.

Uwarsa ta zo duba ni, ita da ya kamata in je wa.
Ta aje fura, ta ce, "Kwana ne ya ƙare."
Na ce haka ne.
Ban gaya mata ba,
ni tawa kwanar ba ta ƙarewa,
kowane dare ina shanta,
kowane dare sitiyari na ƙwacewa.

Sahiya ta sai da tunkiya,
ta bi da kwanonin jere ɗaya-ɗaya.
Ba ta taɓa cewa in tashi ba.
Ranar da na ga ta auna gero rabin tiya
ta juya baya don kar in gani,
na ɗaga katifa, na ɗauko permi.

Alhaji Labo ya ba ni wata Hiyas,
fara, mai tsagaggen madubi.
A tasha kowa sai barka da arziki,
na amsa, harshena kamar gawayi.
Mutum goma sha tara suka shiga,
ba wanda ya san hannun da ya ba amana.

Sabon yaro, Mati, ya rufe ƙofa,
ya ɗaga tafi,
ya buga sau biyu.

Na zauna.
Inji na kuka, ni ban motsa ba.
Na leƙa, na ce, "Kai, daga yau
da baki za ka faɗa."

Muka bar Maraɗi a giya ta uku.
Babura na wuce mu, har mai ɗauke da rago.
Wata tsohuwa mai kaji a cinya ta ce,
"Direba, Ɗan Isa za mu,
ko kasuwar mako mai zuwa?"
Aka yi dariya. Ni ma na yi.
Gumi na bin gadon bayana.

Sai ga ta.
Ta fi ƙanƙanta a kan yadda nake ganinta da dare.
Damina ta wanke kwalta tas,
a gefe, cikin ciyawa,
tumatir ya tsira ba mai shi,
har ya yi fure.

Ƙafata ta nemi birki, na bar ta ta taɓa.
Na karya sitiyari a hankali
kamar mai juya majinyaci.
Ba wanda ya ɗaga kai.
Wani na cinikin albasa a waya.

Yanzu sawu biyu nake kullum, Juma'a ɗaya.
Ba na gudu, ba na kunna rediyo,
ba na ɗaukar kwandon tumatir ko nawa aka biya.
Mati ya saba, yana faɗa da baki.
Amma ni nakan ɗan dakata,
hannu a kan giya,
har sai na ji su daga can baya,
biyu,
sannan in tashi.