Taswirar Tasi'u

Cajin wayar Adum ya ƙare
a tsakiyar katun ɗin 'yan fashin teku,
jirginsu na daf da shiga wani baƙin ruwa
sai gilashi ya mutu.
Washegari Adum ya hau mota zuwa Kusuri da wayarsa,
ya bar mini ɗana a tsakiyar teku.

Kwana biyu Tasi'u yana juya tuwo ba ya kai wa baki.
A na uku ya farke takardar siminti,
ya danne gefe da takalmina, gefe da dutsen niƙa,
ya ce tunda an hana shi ƙarshen, shi zai ƙarasa.

Baba, ga Tekun Toka, a nan iska ba ta da aiki,
sai ka hura da bakinka.
Ga wanda ruwansa ke komawa baya kowace Laraba.
Wannan siririn Kafar Allura ce,
jirgi ba ya wucewa sai kowa ya zubar da abu guda da yake so.
Ga Tsibirin Kunne, duk maganar da aka yi a ɓoye
can take sauka kamar balbela.
Ga wani kuma, masu tsaronsa ba sa karɓar sefa,
tatsuniya ɗaya, a ɗaga maka igiya.

Na ce wannan tsibirin a kai jandarmomin bakin gaɓa su gani.

Ni da ban taɓa ɗanɗana ruwan gishiri ba,
shekara talatin ina jan inji daga Bulangwa zuwa Darak,
na tsuguna, na tambaye shi ina arewa.
Ya ce arewa tana tashi, ba ta kwana wuri ɗaya.
Na fara dariya, sai ta tsaya mini a maƙogwaro.

Don na san tsibirin ciyawa da ke tafiya da dare,
ka kwana hanya a buɗe, ka tashi ya zauna a bakinta
kamar baƙon da ba ya sallama.
Na san inda mahaifina ke kafa gora ba ta taɓa ƙasa,
yanzu wake ake shukawa, jaki na birgima.
Na san inda muka yi kasuwa bara,
bana dorina ce mai rumfa.
Taswirar da ke bangon lakwal ɗinsu
ta zana tafkinmu cike kamar ƙwaryar nono.
Wanda ya zana ta bai taɓa tura kwale-kwale cikin laka ba.

Sunaye suka ƙare masa.
Ya miƙo mini gawayi, ya ce, kai ma sa naka.
Na ɗiga ɗigo uku can ƙasa, kusa da tambarin kamfani.
Na farko inda aka yanke mini cibiya,
na biyu inda na fara ganin uwarsa tana juya banda,
hayaƙi ya sa ta kuka, na ɗauka ni take wa.
Na uku ban faɗa masa ba.
Ya dubi fuskata, ya kewaye ɗigon da ruwa mai zurfi,
bai tambaya ba.

Ranar kasuwa Adum ya dawo, caji fal.
Yara sun yi masa zobe a gindin rumfa.
Kafin magariba sai ga Tasi'u, hannu a aljihu:
Baba, sun ɓata hanya.
Ba ta nan ruwan ya bi ba.

Takardar tana ƙarƙashin bencina yanzu, ninki huɗu.
Jiya igiyar ruwa ta fantsamo ta jiƙa rabinta,
Tekun Toka ya zube cikin na Laraba,
ɗigona biyu sun haɗe.
Na kai masa ina jin kunya.
Ya shanya ta bisa ragar kifi,
ya ce ba komai, ai dama teku ce,
bari ta bushe mu ga inda suka koma.