Ta Madubin Mota

Shekara ashirin da uku sitiyari na hannuna,
ita tana kujerar baya, takardu bisa cinya.
Ta madubi na san Dakta Kaltume.

Da farko ba ofis, ba 'yan rakiya,
sai akwatin sanyi guda da safar roba.
Muka duƙa Apapa da asussuba,
inda tireloli ke kwana a layi,
direbobin Funtuwa da na Haɗeja
kwance a ƙarƙashin mota, wata biyu rabonsu da gida.
Ta ce, "A taso a duba jini."
Wani ya tofar da tukar goro: "Mu ba 'yan iska ba ne."
Ba ta tanka ba. Ta miƙa hannu, aka fara da nata.
Sai ta dube ni.
Haka na zama na biyu, gumi har ƙeya.

A Mil Sha Biyu masu tumatir suka raɗa mata Uwar Ƙanjamau,
ta amsa, har da tambayar kuɗin kwando.
A Agege wani liman ya hana ta zaure.
Juma'a bakwai tana zama gindin famfon alwala,
a ta takwas ya aiko bayan isha'i,
ba don muhawara ba:
ɗansa ne a ɗaki, ya koma kamar sillen kara.

Tana da littafi mai jan bango.
In gosulo ya tsare mu a kan doguwar gada,
ruwan Ikko na ƙyalli hagu da dama,
sai ta buɗe, leɓenta na motsi.
Sunayen waɗanda magani bai tarar ba ne.
Ban taɓa kunna rediyo a lokacin ba.

Daga baya girma ya zo, da ofis mai sanyi a Ikeja,
da taron da ba ya ƙarewa.
Shekarar da kuɗin masu tallafi ya janye
ta ce, "Tanimu, mai jiran tuwon maƙwabta
da cokali a hannu yake barci."
Ta bi ofis-ofis har dugaduganta suka tsage.

Jiya aka yi mata walimar ajiye aiki.
Wata malamar jinya daga Idi-Araba ta riƙe ta tana kuka:
uwarta na ɗauke da cutar, ita ta fito lafiya.
Allon yabon da suka ba ta
yana nan a but, kusa da jak.

Abin da ba a faɗa a lasifika ba:
sakamakon gwajina na ranar Apapa,
ni da ita muka sani.
Ba ta sake direba ba. A kwanona take tsoma hannu.
Kullum ƙarfe takwas, ko a tsakiyar wayar minista,
sai ta ƙwanƙwasa bayan kujerata sau biyu,
in laluba aljihu, in haɗiye.

Yau da safe ba kowa a madubi.
Takwas ta buga a Oshodi,
na ji ƙwanƙwasar.