Karatun Bayan Kamyo

Aji uku na yi a lakwal ta Bagalam,
malam ya ce kaina dutse ne.
Na ajiye allo da alli na bi Nomau,
kamyonsa shuɗi, ƙofa guda da igiya aka ɗaure ta,
ranar ko sallama ban yi wa inna ba.

Fatun jar akuya muke kwasowa
daga Tibiri, Gidan Runji, kasuwar Sabon Mashi,
ni bisa kaya, ƙudaje na yi mini rakiya.
Wari ya shiga riga, ya shiga tuwo,
har yau hancina bai manta ba.

A majema Barmo ya kama hannuna
ya tsoma cikin kwatarniyar toka.
Ya ce, "Ba a fizgar gashi, yaro,
jiƙa ka bari, da kansa zai sallama."
Ya daka bagaruwa, ruwa ya yi ja kamar shayi,
fata ta sha, ta yi laushin kunnen jariri.
Wata ya ɗaga ta ga rana,
haske ya ɓullo inda wuƙa ta yi gaggawa:
"Mahaucin nan bai karya kumallo ba."

Tsahara mai ƙuliƙuli a Mokoyo
ta koya mini lissafi ina tsugune ina jiran canji:
tiya goma ta gyaɗa kwalba nawa za ta cika,
itace na dala nawa, ladan niƙa nawa.
Takan yayyafa ruwan zafi a ƙullu
ta murza, ta murza, sai mai ya taso.
Na ce, "Inna, ruwa ke kiran mai?"
Ta ce, "Wanda ba ya son ka shi ke fito da kai fili."
Na yi dariya don ta yi, amma ban gane ba.

Wata bazara, tsakanin Madarunfa da gida,
inji ya yi zafi, ya yi tari, ya mutu tsakiyar gulbi.
Rairayi fari fat, jarka wayam.
Na raɓe a inuwar taya ina haɗiyar kuka.
Nomau ya bi gaɓa, ido a ƙasa,
har inda ƙudan zuma ke sauka suna tashi,
ya durƙusa da sakaina, kamu ɗaya, kamu biyu,
rairayi ya yi duhu,
ya yi sanyi,
ya yi hawaye.
Muka shayar da mota kafin mu sha.
Ya ce, "Kwanciya gulbi ya yi, bai tafi ba."

Shi ya nuna mini shamuwa bisa tsamiya,
ya ce in nemo tamfol kafin Juma'a.
Shi ya ce in saurari ƙarfe kafin in buge shi.
Mun kai shi makwanci shekara ta cika bakwai,
sitiyari ya dawo hannuna,
igiyar ƙofar nan ban kwance ta ba.

Jiya ɗiyata Zuwaira ta dawo da littafi,
ta ce, "Baba, don me gawo ke zubar da ganye da damina,
ya yi kore da rani, sa'ad da kowa ya bushe?"
Na buɗe baki, na rufe.
Shekara ashirin ina wuce shi a hanyar Ɗan Isa,
na san geron gindinsa ya fi tsawo,
na san awaki na rububin 'ya'yansa,
amma dalili, ko Nomau bai faɗa mini ba.

Na ce ta shiga gaba, ta riƙe ƙofa da kyau.
Muka tsaya a gonar wani da ban san sunansa ba.
Ta ɗebi ƙasar gindi a hannun dama,
ta ɗebi ta fili a hagu,
ta shinshina, ta rubuta, ta miƙo mini in shinshina.
Rana na faɗuwa, fatu na jira a baya,
Barmo zai yi faɗa gobe da safe.
Na tsuguna kusa da ita,
ban ce mata ta yi sauri ba.