Tarago Uku

Ni ke yanka tikiti a tashar Gagarawa.
Tagata ba ta fi faifai ba,
ta nan nake kallon jama'a ranar jirgi:
ba fuska, sai hannuwa,
da kuɗi a dunƙule, jiƙe da gumi.

Na san hannun Tabawa kafin ta yi sallama.
Lalle ya koɗe, zoɓo ya rina farcen.
Buhu biyu za ta kai Kano,
da kuɗin za a biya wa ɗanta jarrabawa.
Tun asuba take nan, ta riga mai shayi hura wuta.
Na yanka mata na farko.
Na yanka ɗari da arba'in bayan nata,
don ba a taɓa gaya mini inda zan tsaya ba.

Ina yaro, a wuyan kawuna Ilu,
na ƙirga tarago goma sha ɗaya.
Yatsuna suka ƙare, na ari nasa guda,
wutsiyar jirgi ba ta wuce tsamiya ba.
Yau uku ne.
Uku, kamar duwatsun murhu,
mu ne tuwon da ke tafasa a kai.

Kana sammako, wani a tafe ya kwana.
Nguru ta cika kujeru,
Birniwa ta cika tsakiya,
Malam Madori ta toshe ƙofa har matakala.
Kafin ya iso mana
yana nishi kamar jakin da aka yi wa kaya biyu,
samari a kan rufi sun ɗaure huluna da kyalle,
wani ya rataye da hannu ɗaya,
ɗayan yana riƙe da zakara.

Minti huɗu yake tsayawa.
A minti huɗun nan na ga an miƙa jariri ta taga
hannu zuwa hannu, kamar ƙwaryar fura,
uwar na bi da ihu ta ƙofa.
Na ga Malam Hudu, mai ja mana salla,
ya sa gwiwar hannu a haƙarƙarin maƙwabcinsa,
yana istigfari yana turawa.

Buhunan Tabawa sun shiga.
Wani saurayi mai kirki ya ja su ciki.
Ta ɗaga ƙafa ta nemi matakala,
ta tarar da ƙafafu tara a kai.
Usur ya tashi.
Zoɓo ya tafi birni, mai shi na tsaye,
takalminta ɗaya a tsakanin duwatsun layi.

Ta dawo tagata, ba kuka, ba zagi.
Ta ajiye tikitin, ta danne shi da yatsa:
"Na zo da wuri, ban rage maka ko wuri ba.
Ina wurin?"
Na buɗe baki in ce daga sama ne,
sai na tuna sama ba ta taɓa zuwa tagar nan ba.
Ni ake gani. Hannuna ne ya karɓa.

Bayan ofis akwai tsohon layi da ciyawa ta ci.
Tarago biyu ke kwance can tun ban yi gemu ba.
An ce ƙafafu za a kawo musu daga Zariya.
Kazar maigadi na ƙyanƙyasa a kujerar manya,
tunkiya ta haihu sau uku a ƙarƙashi,
zuma ta kafa gida inda fanka take.

Can Tabawa ta je ta fake wa rana.
Na leƙa da azahar, na kai mata ruwa a buta.
Ta miƙe ƙafa a kujera ta mutum uku,
ita kaɗai, taga a buɗe, iska na shiga.
Ta karɓi ruwan, ta dube ni:
"Wannan nawa ne tikitinsa?"