Layi na Ashirin da Uku

A Oruro, inda duwatsu ke aman kuza
kuma iska ba ta cika huhu,
nan Nicanor Huarachi ya soma.
Ƙwallonsa safar uba ce, an ɗura mata tsumma.
Uban na ƙarƙashin dutse yana tari,
ɗan na bisa dutsen yana tare ƙwallo.

Shekara goma sha ɗaya cikin rigar ƙasa,
lamba biyar, mai tsaron baya.
Ba a yi wa irinsa kirari,
amma 'yan gaban maƙwabta sun san shi
sanin da ɗan yatsa ya yi wa tuntuɓe.

Wata Laraba, ana ruwa, minti na saba'in,
gwiwar hagu ta ce ƙaras, kamar busasshen kara.
Wata takwas yana koyon tafiya.
Ranar da ya yar da sanda, a cikin motar haya,
rediyo ta karanto sunaye.
Ya bi su da yatsu, ya ƙare yatsun, ya sake,
har ashirin da uku.
Direba ya ce, "Ina za ka sauka?"
Ya ce, "Ko'ina."

Yau furfura ta cinye rabin kai,
alƙalamin nan ya faɗo hannunsa.
La Paz, ƙarfe biyun dare, shayi ya huce.
Suna ashirin da biyu sun zauna daram,
layi ɗaya ya rage, mutum biyu na tsaye:
Limberg Ticona, kyaftin, shekara talatin da shida,
da ya sha yin wasa da allura a idon sawu,
da wani yaron Beni, Jhasmani Guaji,
mai gudu kamar ya ci bashin iska.

'Yan jarida tuni sun wasa wuƙa.
In an ci, ƙafar yara ce.
In an sha kashi, wuyansa ne.

Ya rubuta yaron.
Gwiwar ta motsa, kamar an kira sunanta.

Ga waya a kan tebur. Bai taɓa ta ba.
Da asuba ya hau mota,
awa takwas zuwa Cochabamba,
ƙafa a lanƙwashe a bayan kujerar wani,
kowace kwana sai ya ciji leɓe.

Ya tarar da Ticona a durƙushe
yana ɗaure wa 'yarsa igiyar takalmi.
Ya ɗago. Ya gani. Ya ƙarasa ɗaurin tukuna.
"Ai da ka bugo waya, koci."
"Ni rediyo ce ta gaya mini."

Matar gida ta kawo miyar gyaɗa, kwano biyu.
Suka sha, babu mai cewa uffan.
Can wata ƙwallo ta ƙwace wa yaran lungu,
ta gangaro ta ƙofa har gindin tebur,
ƙafa biyu suka zabura a tare,
ɗaya mai allura, ɗaya mai tabon ɗinki.
Huarachi ya janye tasa.