Kitse Ɗan Aike

Shekara talatin ina fawa a Oko-Oba,
wuƙata ta san kitse yadda hannu ya san baki.
In yanko, in ɗora kan tsoka, in ce gyara ne.
Ban taɓa zaton yana magana ba.

Sai da gwiwata ta kumbura a daminar bara,
ta ɗau zafi kamar murfin tukunya,
na daina hawa gadar Agege.
Ciwon ƙafa, na yarda.
To me ya haɗa gwiwa da fara'a?
Ladan ya kira asuba, na ji kamar da wani yake.
Tanimu ya zo da barkwancinsa,
na dube shi kamar bango.
Shayi ma ya koma ruwa a bakina.

Sahura, 'yata, mai karatun jini a Idi-Araba,
ta danna kumburin da yatsa.
"Baba, akwai kitsen da ba ya hawa sikeli.
A bangon kowace ƙwayar jiki yake kwance.
Da an taɓa ka sai ya ɓalle da gudu
yana ihu, gobara, gobara!
Dakarun jini su cika hanya
kamar Oshodi da yamma.
Zafin nan, cunkosonsu ne."

Na ce, "Zuciyar fa?"

"Gida ɗaya ne.
In ana ƙona taya a ƙasan bene
na sama ma hayaƙi yake shaƙa.
Saƙon na kaiwa har ƙwaƙwalwa:
kwanta, rufe ƙofa, kada ka so komai.
Akwai wani ɗan aiken, shi ma kitse,
mai zuwa daga baya ya ce ya isa,
a watse, a share titi.
Naka ne ya makara."

Yanzu ina haɗiyar ƙwayoyin likita.
Kuma ni, mahauci ɗan mahauci,
ga ni gaban Iya Risi mai kifi,
tana tsokanata tana naɗe min titus a jarida.
Ban ce kifin ne ba. Ban sani ba.

Jiya dai danfo ya watsa min ruwan kwata,
na ɗaga hannu zan yi daƙuwa,
dariya ta riga ni fita.

Yau da safe na kama tozo,
na ɗan dakata, wuƙa a sama,
kamar wanda ya ji sallama a bakin zaure.