Ni da Injin Hajiya Ige

Shekara goma sha tara ina tsugune
bayan gidan abincin Hajiya Ige, a Mabera,
bahon roba uku a gabana:
na kumfa, na ɗauraya, na sake ɗauraya.
Yatsuna sun yi fari kamar jiƙaƙƙen rogo.
Sai ga ɗanta Modi da akwatin ƙarfe a bayan a-kori-kura,
ya ce, "Baba Jabbi, ga abokin aiki."
Na ce a raina: aboki ko magaji?

Ranar farko na yi masa rowa,
faranti shida na ba shi, in ga iyakarsa.
Ya sha ruwa, ya ci wuta,
awa guda yana gurnani a kan faranti shida.
Hajiya ta leƙo: "Jabbi, wagga ɓarna fa?
Ko motar Illela ba ta tashi sai ta cika."

Tun ranar nake lodi kamar ɗan kamasho.
Tukwane a ƙasa, baki a kife,
kofunan shayi a bene,
cokula a kwandonsu, kar su rungumi juna,
kowa da gurbinsa, a bar wa ruwa hanya.
Ƙashin kaza da sauran tuwo
in kankare wa kajin maƙwabta.
Ban ɗauraye kafin in sa,
wa ke wanka kafin ya tafi wanka?

Maɓallansa kuwa hali-hali, kamar 'yan ɗaki ɗaya.
Akwai mai gaggawa, rabin awa ya gama,
na kofi ne da farantin biredi.
Na taɓa ba shi tukunyar miyar sure,
ya maido mini ita da manja a wuya,
kamar yaron da aka ce ya wanke fuska.
Akwai mai zafin rai, ruwansa na ƙuna,
shi ke karya taurin kan man shanu da ƙanzo.
Sai wanda na fi raina wa,
mai hoton ganye,
awa uku yana jan ƙafa.
Modi ya sa jarka a bakin tiyo muka auna:
ashe shi ya fi kowa tattali.
Jiƙawa yake, ya jira, datti ya saki da kansa.
A garin da kurar mai ga-ruwa
ke ƙara kuɗi duk bazara,
na cire masa hula.

Ba dare nake tada shi ba.
Sai rana ta take tsaka,
ranar nan ta Sakkwato mai narka kwalta,
allunan sola na ƙoshi a kan kwano,
sannan in danna, in tafi Azahar.
In ya yi shiru in buɗe ƙofarsa kaɗan,
iskar garinmu ba ta karɓar ladan shanya.

Ran Laraba in ciro rariyar cikinsa,
ga ƙwayar shinkafa, ga fatar attarugu,
in zuba masa gishirinsa,
don ruwan burtsatsenmu na barin farin tabo.

Amma akwai abin da ba na ba shi.
Akushin da Hajiya ta gada wurin innarta,
da ludayin duma, da muciya,
da ƙwaryar fura mai ɗinki a gefe.
Zafinsa zai tsaga su, bai san su ba.
Waɗannan nawa ne.
Bayan La'asar in jawo baho ɗaya,
in zauna a kujera, ba tsugune ba,
in bi ɗinkin ƙwaryar nan da ɗan yatsa a hankali,
shi yana nasa gurnanin a ɗaki,
ni ina nawa a ƙarƙashin dogon yaro.

Jiya jikata Tumba ta kama hannuna,
ta juya shi, ta sake juyawa,
ta ce, "Kaka, ina kaushin ya tafi?"